Inuwar Da Ta Kauce Wa Gonar Kawu Clarrie

Cobar, Ostireliya, 4 ga Maris, 2013

Narelle,

Shekara tara ke nan ina jiran ki zo ki tsaya a kan kabarin Beryl ko na minti biyar ne, har yau ba ki zo ba. Na fara da wannan ne don shi ne a bakina. Yanzu sai gaisuwa. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da mutanen Chile da ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta ƙi, ta dama tana koyi da ita. Kunne kuwa ya kusa tafiya gaba ɗaya, har na sa an cire wayar gidan, don ban ga amfanin abu ya yi ta kuka ba mai jin sa ba. In kina da magana ki rubuta.

Katin Kirsimetinki ya iso a watan Fabrairu. Na buɗe na ga baƙar takarda da ɗige-ɗige farare, an ja kibiya a kan ɗigo ɗaya. Na ɗauka ƙuda ne ya ɓata wurin, har na sa yawu ina gogewa. Sai da na juya bayansa na ga kin rubuta wai wannan ce ƙaramar duniyar da kika gano, can bayan duk sauran duniyoyi.

To madalla. Amma ki gaya mini, don ni daga aji huɗu aka cire ni na bi tumaki. Ranar da uwarki Maureen ta rasu kina shekara shida, ni yayanta na ɗauko ki a gaban a-kori-kura, matata Beryl ta raine ki kamar ita ta haife ki. Da Beryl ta kwanta ciwo kika ce an ba ki dare uku a babban madubin hangen nesa, wai shekara guda ake layinsa, in kika bari ya wuce ke nan. Muka binne ta ba ke. Wannan ɗigon ne? Shi kika tsaya nema? Na daɗe ina son in ga abin, ga shi na gani. Na jingina shi da gwangwanin shayi ina kallo, ban ga komai ba.

Ruwa ya yi mana rowa bana. Tumaki sun rame amma suna tsaye, kamar mai su.

Kawunki,
Clarrie


La Serena, Chile, 2 ga Afrilu, 2013

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai gajiyar aiki. Gwiwar nan ka kai ta likita ya gani, ka daina shafa mata man doki.

E, Kawu, shi ne ɗigon. Ba zan yi maka ƙarya ba. A waɗannan dararen muka ɗauki hotunan, da muka jera su sai muka ga duk taurari suna inda suke, shi kaɗai ya gusa. Maganar Inna Beryl ba ni da abin da zan ce da zai ishe ka, ni ma bai ishe ni ba.

Amma ga wani labari. Har yau ba mu san girman abin nan ba, don nisansa ya yi yawa, madubi ba ya nuna komai sai ɗigo. Hanya ɗaya ce. Ranar 19 ga Oktoba, bayan faɗuwar rana kaɗan, zai gitta ta gaban wani tauraro. Wanda yake daidai inda inuwarsa za ta faɗa zai ga tauraron ya ɗauke na ɗan lokaci, bai kai minti ɗaya ba, sannan ya dawo. In mutane suka auna tsawon ɗaukewar daga wurare daban-daban, an san faɗinsa. Mun yi lissafi, Kawu, inuwar ta kan Cobar za ta bi. Gonarka tana tsakiyarta. Da na gani a taswira sai da na tashi na zagaya ofis.

Ina roƙon ka bar mu mu kafa ƙaramin madubi a tudun bayan rumfar aski. Mu huɗu ne, za mu yi mako guda. Muna son wurin kwana, da duhu sosai, kada a kunna fitila ko ɗaya a kusa a daren. Zan zo gida, Kawu.

Taka,
Narelle


Cobar, 5 ga Mayu, 2013

Narelle,

Na samu taki, ina gaishe ki. Man dokin yana aiki, likita bai san komai ba.

Wato sai da inuwa ta yi niyyar zuwa gonata sannan ke ma kika yi. Na karanta wasiƙar sau uku ko zan ga inda kika ce kin yi kewar wani, ban gani ba. Inuwa ce za ta zo, ke rakiya za ki yi mata.

Ba zai yiwu ba, kuma ga dalili. Makon nan da kika faɗa shi ne makon askin tumakina. Kin manta ne, ko ba a aski a Chile? Trevor mai aski da mutanensa tun bara suka sa ni a wannan makon, daga nan su wuce gona ta gaba, har Kirsimeti ba su da rana. Ɗakunan da kike so su ne ɗakunan masu aski. Kuma tumaki dubu biyu in suka shiga shinge, ƙurar da za su tayar ko wata ba za ki gani ba, balle ɗigo.

Na biyu, duhu. Ni ba ni da matsala, ƙarfe takwas na kwanta. Amma Noel Brennan da ke maƙwabtaka da ni ya kafa wata fitila a kan rumfarsa, saboda karnukan daji wai, tana haska rabin duniya har cikin ɗakina. Ni da Noel ba mu yi magana ba tun shekarar da ragonsa ya tsallako shinge ya ɓata mini tumaki arba'in, ya ce wai shingena ne ruɓaɓɓe. Shingena lafiyarsa ƙalau. Ba zan taka ƙofar mutumin nan ba ko duniyoyi goma za ki gano.

Abu ɗaya nake son sani, ba don komai ba. Mako gudan nan, duka a kan tudu za ki yi shi, ko za ki shigo gida ki ci abinci a tebur kamar mutum? Kuma har yanzu ba kya cin kabewa?

Kawunki,
Clarrie


La Serena, 1 ga Yuni, 2013

Kawu,

Gaisuwa. A ɗakina zan kwana in bai zama rumbun buhuna ba. Aikin tudu na dare ɗaya ne, sauran gwaji ne kawai. Zan ci a tebur, zan je wurin Inna Beryl, zan wanke maka labulen da na san ba a taɓa ba tun tafiyata. Kabewa har yanzu a'a.

In aski ba zai ɗagu ba na fahimta, za mu nemi wata gona kusa. Amma taka nake so.

Narelle


Cobar, 18 ga Agusta, 2013

Narelle,

Ina gaishe ki. Na yi mura ta sauka ƙirji, na kwana biyu a asibitin gari, sun sallame ni don na dame su. Shi ya sa kika ji shiru.

Ba wata gona da za ki nema. Kina da gida za ki je ki kwana a na wasu, a ce me a gari?

Na ɗage aski. Na sami Trevor a wurin sayar da abincin dabbobi na gaya masa. Ya dube ni ya ce, da ƙarfi don in ji, «Clarrie, ka san abin da kake yi kuwa? In na cire ka yanzu sai tsakiyar Disamba. Za ka bar su da ulu cikin zafi? In aka yi ruwa ƙuda zai cinye maka su da rai.» Na ce tumakina ne ko naka? Ya ce, «Naka ne, tsoho. Baƙi za ka yi, sarauniya ce za ta zo?» Na ce wadda ta fi ta.

Sannan na je wurin Noel. Kada ki ɗauka haƙuri na je ba shi, ban ba shi ba. Na same shi a ƙarƙashin tarakta, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsaya na ce, «Brennan, fitilarka.» Ya turo kansa waje ya ce, «Kai! Ashe kana da rai? Na ɗauka ka mutu an rasa mai gaya mini.» Na ce ranar sha tara ga Oktoba za ka kashe ta. Ya ce, «Shekara goma sha ba ka ce mini ina kwana ba, yau ka zo ba ni oda a gidana? Sata za ka yi da kake son duhu?» Dole na yi masa bayani, tauraro da inuwa da komai, yadda kika rubuta. Ya yi ta dariya har ya buga goshi da ƙarfe, na ji daɗin wannan. Da ya gama ya ce, «Narelle ƙarama? Mai kitso biyu da ke satar mana lemo? Ita ce za ta zo?» Ya ƙwala wa matarsa kira, «Pat! Fito ki ga kurman nan, 'yarsa za ta dawo!»

Pat ta sa ni na zauna shan shayi. Kafin in tashi ta riga ta tsara komai, ita za ta gasa rago, matan coci su kawo kek, kowa ya zo da kujerarsa da tocila a kashe. Yanzu duk wanda na haɗu da shi a gari sai ya nuna sama ya ɗaga mini yatsa. Ban so haka ba, amma ya riga ya faru.

Na kwashe buhuna daga ɗakinki. Na yi masa fenti, shuɗi na samu, in bai yi miki ba ki rufe ido. Na share tudun, na kashe maciji ɗaya. Na gyara ciyawar wurin Beryl na gaya mata. Labule na bar miki, tunda kin yi alkawari.

Kawunki,
Clarrie


La Serena, 27 ga Satumba, 2013

Kawu,

Ina fatan ƙirjin ya warware. Ban san yadda zan fara ba.

Mun sake auna tafiyar abin a makon nan da babban madubi, don haka ake yi in rana ta matso. Lissafin farko ya kauce kaɗan. Kaɗan a sama, amma a ƙasa tafiyar yini ce. Inuwar ta koma arewa, ta kan Cunnamulla za ta bi, a Queensland. Gonarka ta fita daga ciki gaba ɗaya. Dole mu bi ta can, za mu sauka a otal ɗin garin.

Na karanta maganar aski da ta Noel na rasa inda zan sa kaina. Kayan aikin aro ne, dole a mayar da su Sydney, kuma an ba mu dare biyu a babban madubi a nan ranar 24 don mu bi sawun abin. Duk da haka zan yi ƙoƙari in biyo ta wurinka a hanyar dawowa, ko na awa biyu ne. Ka yafe mini.

Narelle


Filin jirgin Sydney, 22 ga Oktoba, 2013

Kawu,

Mun gani! Tauraron ya ɗauke ɗif, muna riƙe da numfashi, sannan ya dawo. Wurare biyar suka kama shi. Yanzu mun san girmansa, ya fi yadda muke zato. Ignacio abokin aikina ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Hadari ya kore mu yamma a ranar, hanyar dawowa ta ƙaru, motar kaya kuma ta lalace a Bourke. Ban samu na biyo ba. Da tauraron ya dawo na juya na kalli kudu, wajen da kake, na ce da Kawu yana nan. Ana sa ran wata inuwar za ta bi ta Ostireliya nan da shekara huɗu. Suna kiran jirginmu.

Narelle


Cobar, 12 ga Janairu, 2014

Narelle,

Ina gaishe ki. Ban amsa da wuri ba don hannuna bai yarda ba, zuciyata ma haka. Ke ma ban ga katin Kirsimeti ba bana. Lafiyata ba yabo. Zan zo kanta.

Kin ce kin kalli kudu. Ba kudu nake ba.

Wasiƙarki ta canjin hanya ta same ni saura kwana biyar. Na kai wa Pat ta karanta, don in tabbata ba idona ne ya karanta ba daidai ba. Ta ajiye ta ce za ta gaya wa matan coci, ni kada in damu. Noel yana tsaye yana sosa ƙeya. Can ya ce, «Cunnamulla ai ba Chile ba ce. Tashi, tsohon banza, in kai ka.» Kin san sun karɓe mini lasin tuƙi bara saboda ido. Na ce ba na son alfarmarsa. Ya ce, «Ba don kai ba ne, lemona zan je in karɓo.»

Muka tashi da asuba ranar, da ƙafar rago da Pat ta gasa a cikin akwatin ƙanƙara. Na sa rigar da na sa ranar bikin gama makarantarki. Ban aiko miki da saƙo ba, na ce gara ki juyo kawai ki gan ni. Duk hanya Noel yana magana, ni ina kallon bakinsa yana motsi, wannan ne amfanin kurumta.

Mun isa otal da azahar. Matar da ke riƙe da wurin ta ce, «Masu madubi? Ai kun makara, baba. Tun safe suka kwashe kaya, wai hadari na zuwa, sun yi yamma wajen Thargomindah neman sarari.» Na ce akwai wata doguwa a cikinsu mai tabo a haɓa? Ta ce, «Shugabarsu ke nan. Ko shayinta ba ta shanye ba, ga kofin can.» Na ga kofin.

Noel ya ce shi ba ya tuƙi in rana ta yi sanyi saboda kangaru, naman dajin nan mai tsalle ya faɗo kan hanya, motarsa sabuwa ce. Ya faɗi haka yana tayar da ita. Muka bi ku. Mun shiga Thargomindah rana tana faɗuwa. A gidan mai aka ce motoci uku ne, sun rabu, kowace ta ɗauki hanyarta cikin daji, ba wanda ya san gonar da kuka shiga. Muka zaɓi hanya ɗaya muka bi har duhu ya fara. Sai na ce wa Noel ya tsaya ya kashe fitilun mota, kada mu zo mu ɓata miki aiki da haskenmu in kina kusa.

Muka fito muka jingina da mota. Taurari sun fito kamar an watsa gishiri. Noel ya matso da bakinsa kunnena ya ce, «To wanne ne a ciki?» Na ce ina na sani. Ya ce, «Ka jawo ni ƙarshen duniya kallon abin da ba ka san inda yake ba?» Muka yi ta kallo har wuya ya gaji. Ba abin da ya ɗauke, ba abin da ya dawo. Muka ci ragon da hannu a bakin hanya, muka kwana a mota. Da na ga wasiƙarki ta filin jirgi na gane a cikin inuwar taki muke tsaye, ta bi ta kanmu ba mu sani ba.

Kin ce motarku ta lalace a Bourke. Daga Bourke zuwa ƙofata awa biyu ne, Narelle. Kin san hanyar, a kanta kika koyi tuƙi.

An yi ruwa a Nuwamba, irin wanda muka shekara muna roƙo, ya zo a lokacin da bai kamata ba. Ƙuda ya shiga ulu kamar yadda Trevor ya faɗa. Ni da Noel muka yi ta kama su ɗaya-ɗaya muna yanke wurin tsutsa, wasu mun makara. Ban ƙirga waɗanda na ja zuwa rami ba, ban so in sani. Da Trevor ya zo a Disamba bai ce mini komai ba, da ya yi mini gori ma da ya fi sauƙi. A cikin wannan aikin na faɗi a shinge, na kwanta a rana har Noel ya zo ya tsince ni.

Likita ya ce ba zan sake yin hunturu ni kaɗai a gona ba. Akwai ɗaki a gidan tsofaffi na gari, taga ɗaya, tana kallon wurin ajiye motoci. Noel zai karɓi gonar, ya ce ba zai taɓa wurin Beryl ba, na yarda da shi, ko da yake a kan shinge har gobe shi ne mai laifi. Yana son amsa kafin ƙarshen Afrilu, kafin hunturunmu na nan ya shigo. Na ce ya jira in ji daga gare ki.

Shekara huɗu kika ce. Ni tamanin da ɗaya gare ni. Ba na jin haushin ɗigonki kuma, na gaji da wannan. Ki auna shi, ki raɗa masa suna, Allah ya sa albarka. Amma na lura ke mai iya faɗin rana ce. Tun Afrilu kika faɗi ranar da abu zai gitta a can inda ba wanda ya taɓa zuwa, kuma ya gitta a ranar. To ni ma rana nake so. Ba inuwa, ba madubi, ba mutum huɗu. Ki ɗauki takarda ki rubuta wata da kwanan wata, in sa Noel ya je tasha ya ɗauko ki. In kuma babu, ki rubuta babu da manyan baƙaƙe yadda idona zai gani, in sa hannu a takardar Noel in huta da leƙen hanya.

Za ki zo kafin in bar gidan nan, ko ba za ki zo ba? Tambaya ɗaya ce. Ki amsa mini.

Kawunki,
Clarrie